Takabata da Ɗan Benci

Bazarar bana ta shigo da ƙarfinta. Tun hantsi kwanon shagona yake fara ƙas-ƙas shi kaɗai, zare yana manne min a yatsu saboda gumi, in na ɗora hannu a kan keken ɗinki sai in ji kamar murfin tukunya na taɓa. 'Yan matan da nake koya wa ɗinki sai mita suke yi, alhali ga fanka mai aiki da hasken rana tana juyawa a kansu. Ni kuwa duk sa'ad da zafi ya kai haka, hankalina barin shagon yake yi. Sai in gan ni a tsakar gidanmu na Tudun Wada, a shekarar da takaba da bazara da azumi suka haɗu a kaina.

Malam Sani, mijina, ma'aikacin ɗakin karatu ne a harabar jami'a da ke Kongo, nan cikin gari. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya zaman majalisa, ba ya hayaniya. Abu ɗaya nake yi masa tsiya a kai, shi ne katun, fim ɗin zane irin na yara. Wani yaro a wurin aikinsu ya tura masa wani katun na Japan na 'yan ƙwallo a waya, shi ke nan shi da Nana, autarmu, suka samu abin yi. A lokacin tana da shekara goma sha huɗu. Kullum bayan la'asar sai su baje tabarma a gindin darbejiya, su haɗa kai, su kalli kashi ɗaya. Ɗaya tak, ko Nana za ta yi birgima ba ya ƙarawa.

Nakan ce, "Malam, da furfurarka da komai?"

Sai ya ce, "Balaraba, ba ki san halin da ake ciki ba. Yau ko mu fitar da su ko su fitar da mu."

Da ciwon kai abin ya fara. Washegari wuyansa ya ƙi juyawa. A asibiti suka ce sanƙarau ne, kafin mako ya zagayo an kai shi makwancinsa.

Da aka share makoki, 'yata ta fari ta koma ɗakinta a Kano, 'yan uwana suka watse, sai aka bar ni da Nana da Yaya Kande. Yaya Kande yayar Malam ce, ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Daga unguwar Kwangila ta zo da ƙunshin kayanta da butarta, ta ce ita za ta zauna da ni har in fita. Tun ranar farko ta shimfiɗa min dokoki. Ba kwalli, ba turare, ba lalle, wannan na sani. Amma ta ƙara nata. Kada muryata ta wuce ƙofar ɗaki. Kada in yi sauri in ina tafiya. Kada in leƙa zaure. Limamin unguwarmu da ya zo gaisuwa ya faɗa a gabanta cewa in da larura ina iya fita da rana in dawo. Ta bari ya tafi, sannan ta ce, "A gidanmu ba a haka."

Shagona yana bakin titi, ana iya jin ƙarar acaɓan da ke wucewa ta gabansa daga tsakar gidanmu. Watan azumi shi ne kakar tela, abin da ka ɗinka a cikinsa shi kake ci har damina. Na sa aka ɗauko min keken aka kawo gida, Yaya ta rufe shi da zane ta ce gidan da aka yi mutuwa ba a cika shi da ƙarar ƙarfe. Ko da ba ta hana ba, wa zai kawo atamfar Sallarsa gidan makoki? Haka na zauna ina jin matan da na shekara da shekaru ina yi wa ɗinki suna wucewa ta bayan katangarmu, suna hirar wanda za su kai wa.

Aka ga wata. Hatsin da mutane suka kawo lokacin gaisuwa ya fara ja baya, muka koma auna gero da ƙaramin kwano. Rijiyarmu ta ƙafe, in ka zura guga sai ya fito da laka. Ruwa sai na 'yan garuwa, shi ma sai an tare su tun da sassafe. Ruwan da aka wanke gero da shi ake wanke kwanuka, na kwanukan a yayyafa wa ƙasa don ta ɗan huce. Wuta kuwa in an kawo ta, kafin fanka ta gama juyin farko an ɗauke.

Ranakun duk kamarsu ɗaya. Mu yi sahur da tuwon jiya ko shinkafa da mai. In an yi asuba in ɗauki Alƙur'ani in yi karatuna har rana ta ɗago. In share tsakar gidan da na share jiya. Nana ta jiƙa wake, Yaya ta surfa gero. Daga nan sai zafi ya sauko. Tsakanin azahar da la'asar babu abin da ke motsi a gidan nan, ko ƙadangare laɓewa yake yi. Ɗaki kamar tanda, waje kamar bakin murhu. In jiƙa zane in lulluɓa, kafin in juya ya bushe. Harshe ya manne a ganɗa, leɓe ya tsage. In kwanta a siminti ina kallon silin, na san kowane tabo da ke jikinsa. Sararin sama da nake gani daga ƙofa bai fi faɗin tabarma biyu ba, fari fat, ko tsuntsu ba ya ratsa shi. Kuma a wannan lokacin ne tunani yake zuwa. Ga rigarsa a jikin ƙusa, ga takalmansa a inda ya cire su.

Matan da ke zuwa gaisuwa kalmarsu ɗaya. "Sai haƙuri. Ya haƙuri? Kar ki yi kuka, addu'a yake so." Gaskiya suka faɗa, ni ma na sha faɗa wa wasu. Sai na haɗiye kukan, ya zauna min a ƙirji kamar na haɗiyi dutse.

Abin da ya fi damuna Nana ce. Yarinyar da sai an ce ta yi shiru, ta koma ba ta cewa komai sai "to" da "a'a". Tana yin duk aikin da aka sa ta, ta koma lungu ta zauna tana ƙirga yatsun ƙafarta. In na kira ta ta zo, ta tsaya, ba ta kallon idona. Ɗaki ɗaya muke kwana amma kamar da bango a tsakaninmu.

Wata rana bayan azahar na sa hannu a aljihun rigar Malam na ciro wayarsa, da niyyar in nemi lambar wani abokinsa da ya yi mana ɗawainiya. Ban iya wayar sosai ba. Yatsana ya taɓa wani wuri, sai kawai kore ya cika fuskar wayar. Ciyawa ce, shimfiɗe har iyakar gani, da shuɗin sama a bisanta, da wasu yara suna gudu iska tana kaɗa musu riga. Rabona da ganin kore irin wannan na manta. Ashe katun ɗin Malam ne. Na san ya kamata in kashe. Ban kashe ba. Na rage murya, na juya baya ga ƙofa, na kalla har wayar ta mutu.

Caji ya zama matsala, sai Maman Ngozi ta warware ta. Maƙwabciyarmu ce, 'yar kudu, tana da shagon kayan masarufi da janareto da firiza, ta fi shekara ashirin a layinmu. Akwai inda katangarmu ta ɗan rufta ta bayan banɗaki, ta nan take miƙo mana ƙanƙara kullum kafin magariba, ba ta taɓa karɓar ko sisi ba. Ita ma a lokacin tana nata azumin na kafin Ista. Na miƙa mata wayar a cikin leda ina jin kunya. Ta karɓa ta ce, "Maman Nana, lokacin da nawa ya mutu, a ƙauyenmu aske min kai suka yi, suka zaunar da ni a ƙasa. Na san ɗakin nan da kike ciki. Kawo kullum."

Na koma kashi na farko na fara. Da yarensu suke magana, ga Turanci yana gudu a ƙasa, ni kuma Turancina na auna tsayi da faɗi ne, kafin in haɗa kalma biyu rubutun ya wuce. Sai na raɗa musu sunaye. Akwai Mai Jan Kai, shi ne shugabansu. Akwai Dogo. Akwai wani siriri mai tabarau wanda kullum yana zaune a benci da safar hannu a cinyarsa, shi ke cika musu gorunan ruwa, ana wasa yana kallo, ƙafarsa tana rawa. Na sa masa Ɗan Benci. Abin da ban gane ba sai in cike da nawa.

Rannan ina kallo, na ga wani dattijo mai hula yana yi wa Ɗan Benci magana, yaron ya sunkuyar da kai. Na ce a hankali, "Kai dai wannan uba ba ka da tausayi. Ko sata ya yi ai ya isa haka."

Sai na ji murya a bayana. "Ba babansa ba ne."

Na waiga. Nana ce tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu.

"Kocinsu ne. Kuma ba laifi ya yi ba, Umma. Gola ne na biyu. Sai na farko ya ji ciwo za a sa shi, shi kuma na farkon ba ya jin ciwo. Shekararsa ta ƙarshe ke nan a makarantar, bai taɓa buga wasa ko ɗaya ba."

Rabon da in ji ta jera magana haka tun Malam yana da rai. Na ce, "To ni ina zan sani? Zo ki faɗa min abin da yake cewa."

Ta jingine tsintsiyar ta zo ta zauna, ba kusa sosai ba. Washegari ta matso. Kafin azumi ya raba tsakiya kanta yana kafaɗata, tana fassara min da muryoyi kala-kala, ta yi ta koci da kauri, ta yi ta Dogo da hanci.

Da na fara jin abin da suke faɗa, sai na gane abin da ya riƙe Malam. Ni ban taɓa damuwa da ƙwallo ba, har yau ban san dokokinta duka ba. Amma a wannan katun, yaro zai ɗaga ƙafa zai buga, sai komai ya tsaya. Ƙwallon tana rataye a iska, a shiga cikin kansa a ji abin da yake tsoro, a koma da kai gidansu ka ga kakarsa da ke yi masa wanki, ka ga ranar da aka yi masa dariya. Kafin ƙafar nan ta sauka ka san duk abin da ke kanta. Bugu ɗaya sai ya cinye kashi guda. Ni da lokaci ya tsaya wa cak, sai na samu inda tsayuwar lokaci take da amfani. Kuma ba a bar abokan karawarsu a matsayin mugaye ba, su ma sai an nuna maka nasu, har ka rasa wanda za ka so ya ci. Gasar kuwa ta sili ɗaya ƙwale ce, in an ci ku sau ɗaya kun tafi gida.

Sannan yaran nan ba sa ɓoye abin da suke so. Yaro zai buɗe baki iyakar ƙarfinsa ya ce, "Ina so in ci! Ina so in shiga fili!" Waɗanda aka fitar kuma su zube a ciyawa su yi kuka da majina, babu mai cewa su yi shiru. Ni da aka ce kada muryata ta wuce ƙofa, sai in ji kamar da bakina suke ihun.

Ban ce ban ji nauyin abin ba. Watan ibada ne, ga ni cikin takaba. Nakan gama karatuna da lazimina tukuna, kuma na riƙe dokar Malam ta kashi ɗaya a rana. Yaya tana barcin rana a rumfa a lokacin, muna ganin ba ta sani ba.

Ranar da asiri ya tonu, wasu mata ne daga wurin aikin Malam suka zo gaisuwa da rana tsaka. Yaya ta shimfiɗa musu tabarma a rumfa, ta ce bari su ɗan huta, mai takaba ta kwanta. Mu ba mu ji shigowarsu ba. Ana saura kaɗan a tashi wasa, Dogo ya samu ƙwallo a gaban raga, ya tsaya yana tunanin wansa da ya daina yi masa magana. Tunani ya ƙi ƙarewa. Ban san lokacin da na miƙe a kan gwiwoyina ba.

"Buga mana! Kai Dogo, buga!"

Sai labule ya ɗaga. Yaya ta dube ni, ta dubi wayar, ta miƙo hannu. Na ba ta. Na fita na gaisa da baƙin, kowacce tana kallon tabarma.

Bayan sun tafi ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi min sauƙi. Ta ce, "Ƙasar kabarin Sani ba ta gama kwanciya ba, kina ihu a kan zanen yara. A gaban mutanen ofishinsu. To na ga irin tarbiyyar da za a yi wa marainiyar nan. In an yi Sallah zan tafi da ita Kwangila, ta zauna a wurina. Na riga na yi magana da kawunanta."

Na ce, "Yaya, ki yi haƙuri."

Ta ce, "Haƙurin ke nan."

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi tsanani a duk takabar. Goman ƙarshe ta shiga. Kullum da yamma hadari zai haɗu ta gabas, baƙi ƙirin, iska ta taso ta kwashe shanya, mu fito da bokitai da robobi mu jera a ƙarƙashin indararo. Sai ya watse. Zafin da ke biyo baya ya fi na farko, mai ɗanko, numfashi ma sai ka yi da gaske. Gero ya kusa ƙarewa, kunun ya koma tsararo, ƙosai ya koma na ƙirge. Ƙuraje suka feso min a wuya da baya. Ina kallon Nana tana wanke-wanke, ina lissafin yadda gidan zai zama in ta tafi: ni da bango huɗu da rigar da ke jikin ƙusa. Ban da ikon fita in je in roƙi kawunanta, ban da ikon ɗaga murya, wayar da zan kira wani ma sai na nema a wurin Yaya.

Nana ce ta samo dabara. Lokacin mangwaro ne, sai ta wanke wani ƙwallon mangwaro ta shanya, ta tsinto tsakuwoyi. Bayan azahar ta jawo ƙofa, ta zana fili da gawayi a siminti, ta jera tsakuwoyin. Ta ce, "Umma, ai ni na kalli na gaba da Baba. Bari in ba ki." Da raɗa take yi. Ta tura ƙwallon mangwaron da yatsa, ta ce ga Mai Jan Kai ya yanke mutum biyu, ga abin da yake faɗa a ransa. Wani farin dutse ta ajiye a gefen layi, shi ne Ɗan Benci. Kullum kashi ɗaya. Wallahi har gumin yaran nake gani.

Rannan ta kai inda suka haɗu da makarantar da ta fi kowa. An yi kunnen doki, saura ƙiris a tashi. Golansu na farko ya fito ya yi karo da ɗan wasan gaba, ya faɗi bai tashi ba, alƙalin wasa ya ba da fenariti. Koci ya waiga benci. Nana ta ɗauki farin dutsen ta ajiye shi a bakin raga. Ta ce ya cire tabaransa ya goge ya mayar, ya ɗaura safar. Aka ajiye ƙwallo. Mai bugu ya ja da baya.

Sai ta ɗauke hannunta daga kan tsakuwoyin.

Na ce, "Sai me?"

Ta ce, "Daga nan ban sani ba. A nan kashin ya ƙare. Na roƙi Baba mu ƙara ɗaya, ya ce sai gobe. Da daddare kansa ya fara ciwo."

Muka zauna muna kallon farin dutsen. Sai ta ce, "Umma, in na tafi Kwangila wa zai riƙa gaya miki abin da suke cewa?"

Washegari da safe Yaya tana zaune a rumfa tana cire wa wake hanci. Na je na durƙusa a gabanta. Tun da aka kawo ni gidan nan amarya ban taɓa musa mata ba.

Na ce, "Yaya, na yi kuskure da na ɗaga murya, ki yafe min. Amma Nana ba za ta je Kwangila ba. Ina son 'yata a wurina. Kuma ina son wayar Malam."

Ba ta ɗago ba. "Kina so."

"Ina so, Yaya."

Ta ci gaba da murza waken. Can ta ce, "Ke kin samu ɗakinsa. Kin samu 'ya'yansa. Rigarsa tana rataye a kanki. Ni da na goya shi a bayana ina tallan gyaɗa, me na samu? Ko hularsa ba wanda ya ce in ɗauka."

Sai ta sa hannu a lalitarta ta ciro wayar. Ashe duk kwanakin nan a jikinta take, ko wanka za ta shiga da ita take zuwa. Ta ce, "Har muryarsa an ce tana ciki, saƙon da yake aika wa mutane. Na danna na danna ban iya ba, har ta mutu."

Ban taɓa ganin idon Yaya da ruwa ba sai ranar. Na karɓi wayar na miƙa wa Maman Ngozi ta katanga. Da ta dawo, Nana ta nemo saƙonnin ta kunna wa gwaggonta. Muryar Malam ta fito tana ce wa wani ya ajiye masa littafi zai zo ya karɓa. Yaya ta ce a sake. Aka sake. Ta ce a sake.

Bayan azahar muka shiga ɗaki, wannan karon ba mu rufe ƙofa ba. Nana ta riƙe wayar, ta daɗe yatsanta yana sama kafin ta danna. Yaya ta zo ta zauna a dokin ƙofa da carbinta, ta ba mu baya, wai iska take sha.

Aka shiga kan Ɗan Benci. Nana tana fassarawa. Yana cewa shekara uku yana zaune yana kallon ƙafafun mutane, ya san wannan mai bugun, in ya ji tsoro hagu yake kaiwa. Aka busa. Ya yi tsalle hagu, jikinsa ya miƙe a iska, yatsunsa suka taɓa ƙwallon. Ta bugi ƙarfe. Ta gangara a kan layi a hankali, a hankali.

Daga bakin ƙofa Yaya ta ce, "Ya kama?"

Nana ta ce, "Ta shiga, Gwaggo. An fitar da su."

Yaron ya kifa fuskarsa a ciyawa. Mai Jan Kai ya zo ya ɗago shi, Dogo ya rungume su, suka ɓarke da kuka su duka, baki buɗe. Sai na ji Nana ta saki wata irin ƙara, ta faɗo jikina tana cewa, "Baba bai gani ba, Umma, bai gani ba." Dutsen nan da ke ƙirjina ya fashe. Na yi kukan da ban yi a asibiti ba, ban yi ranar da aka fita da shi ba. Na san muryata ta wuce ƙofa, ta wuce zaure, ta kai titi. Yaya ba ta ce mu yi shiru ba. Da muka lafa na ga ta juyo, tana share fuska da bakin mayafi.

Ta ce, "Shi Sani ko a zane sai ya zaɓi waɗanda za a ci. Tun yana yaro haka yake."

Maganar Kwangila ba ta sake tashi ba. Ba ta ce ta fasa ba, ni ma ban tambaya ba. Aka yi Sallah, muka sa tsofaffin kayanmu, ina jin ganguna da hayaniyar yara daga nesa. Bayan Sallah da kwanaki ruwan farko ya sauka, da rana tsaka, da ƙarfi har kwano kamar zai tsage. Na tsaya a tsakar gida ya jiƙa ni sharkaf, ƙurajen bayana suna zafi suna sanyi. Da safe na tarar an yaye zanen da ke kan kekena an ninke. Na fara da facin kayan makarantar yaran layi.

Amma takaba ba ta ƙare don an yi ruwa ba. Sauran watannin na yi su a cikin bangon nan, ina jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga waje, ina kallon gansakuka tana hawa katanga. Akwai ranakun da ko katun ɗin ba ya shiga raina. Muka dai ci gaba da kashi ɗaya a rana, don labarin bai tsaya a nan ba, ƙananan 'yan ajin sun karɓi ƙungiyar. Yanzu Nana tana karatu a Kongo, in ta samu hutu takan kalli kashi goma a zama ɗaya a kwamfutarta. Na gwada, ban iya ba.

Ranar da na fita, damina ta yi tsakiya. Aka yi min kitso da lalle, na sa sabon zane da na ɗinka da hannuna. Yaya ta ce ita za ta raka ni zagayen bangajiya gidajen dangi. Da na taka bakin zaure sai titin ya yi min faɗi, keke ya wuce na maƙale a bango kamar baƙuwa. Ciyawa ta fito ko'ina, har a bakin kwata.

Muka yanke ta filin makarantar firamare. An yi ruwa da safe, yara suna ƙwallo a cikin caɓi, ba takalmi, sun kafa duwatsu a matsayin raga. Muna tsakiyar wucewa sai ƙwallon ta gangaro ta tsaya daidai gabana, duk laka.

"Mama, a taimaka a turo mana!"

Na dubi Yaya. Ta kau da kai tana gyara mayafi. Na tattare zanena, na ja da baya, na kai mata bugu da duk ƙarfin da na tara a ɗakin nan. Ƙwallon ta ɗan mirgina gefe ta faɗa kwata. Takalmina kuwa ya tashi sama, ya wuce kan golan, ya sauka a tsakanin duwatsun nan biyu. Yaran suka kwashe da ihu suna tsalle, "Ta ci! Mama ta ci!"

Ina tsaye da ƙafa ɗaya a cikin laka, dariya ta hana ni numfashi. Yaya ta kama hannuna don kada in faɗi, ta girgiza kai.

Ta ce, "Duk kallon nan da kika yi, Balaraba, ko bugun ba ki iya ba."